Daga Tandun Kwalli Zuwa Gwangwanin Hoda: A Kan Wa Ake Gwada Kwalliyarmu?

Alkawari biyu ne ke yawan bayyana yanzu a jikin kwalin hoda da jan baki da gazal ɗin da ake sayarwa a Injamena, tun daga rumfunan Babbar Kasuwa har zuwa 'yan shagunan bakin titi na unguwar Goudji. Na farko shi ne cewa da ma'adinan ƙasa zalla aka haɗa kayan. Na biyu hoton ɗan zomo ne, alamar ba a azabtar da wata dabba wajen gwada su ba. Kayan na sauka ta jirgi daga Dubai, wasu kuma su tsallako gadar Ngeli daga Kusiri bayan sun biyo hanyar Duwala ko ta Maiduguri da Gamboru. Mai shago ya san darajar waɗannan alamomi, shi ya sa yakan juya kwalin ya ɗora yatsa a kai: "Hajiya, duba nan, wannan na asali ne, ba ya cin fuska." Hajiya ta ƙara sefa dubu ɗaya ko biyu a kan kuɗin, ta karɓa hankalinta kwance.

Alkawuran nan biyu duk akwai alheri a cikinsu, kuma waɗanda suka yi gwagwarmaya har aka kai ga buga su a kwali sun cancanci yabo. Sai dai kowannensu amsa ce ga tambayar da aka yi a wata ƙasa, a kan damuwar mutanen can. Mace a Goudji tana da tata tambayar, wadda ta fi waɗannan faɗi: abin da nake shafawa a fuskata, nake kuma zizara wa jaririna a ido, wa ya auna shi, wa kuma ya sha wuya kafin ya iso hannuna?

Kasuwar hodar ma'adini a Amurka ta bunƙasa. Wani kamfani na yankin San Francisco mai suna Bare Escentuals, da aka kafa a 1976, ya fito da hodar bareMinerals a 1995 a ƙarƙashin jagorancin Leslie Blodgett. Aka yi ta tallarta a talabijin har ta zama ruwan dare, a 2010 kuma kamfanin Shiseido na Japan ya saye kamfanin kan dala biliyan 1.7. Hujjar tallar mai sauƙi ce: busasshiyar hoda ce, babu mai, babu turare, babu maganin hana lalacewa, don haka ba ta cika tayar wa mai laushin fata da ƙuraje ko ƙaiƙayi ba. Akwai gaskiya a nan. Abin da babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa. A garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40 kuwa, hodar da ba ta narkewa ta bi gumi ba abin rainawa ba ce.

Abubuwa huɗu ko biyar ne ginshiƙinta. Farin taitaniyam da farin zink su ke rufe tabo, suna kuma tare wani kaso na hasken rana mai ƙona fata. Tsatsar ƙarfe, ja da rawaya da baƙa, ita ake cakuɗawa a fitar da launin fatar mai saye; launin nan ne a cikin jar ƙasar da samarin Bororo ke rina fuska da ita a bikin Gerewol na yankin Durbali idan damina ta ja baya. Maika, dutsen nan mai ɓarewa falle-falle, shi ke ba da ƙyalli. Wasu kamfanonin kan ƙara wani gishirin bismut mai sheƙi, wanda sau da yawa shi ne ke sa wasu mata susa idan sun yi gumi.

To, mafi yawan waɗannan ba haƙo su ake yi a niƙa a ɗura a gwangwani ba. Tsatsar ƙarfen da dokar Amurka ta yarda a sa a kayan kwalliya ta masana'anta ce, domin ta cikin ƙasa takan zo gauraye da dalma da arsenik da makuri, kuma dokar ta ƙayyade cewa dalmar da ke ciki kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Farin taitaniyam sai an dafa dutsensa da asid ko iskar kulorin. Farin zink ƙona ƙarfen ake yi a tara hayaƙinsa. Shuɗin da ake shafawa a fatar ido, tun 1828 Faransawa suka iya toya shi daga farar ƙasa da soda da farar wuta, kuma asalinsu ɗaya da bular da ake sa wa fararen kaya. Abin da ya sa hodar kamfanin kirki ba ta cutarwa shi ne an tace ta, an auna ta, an raba ta da dattin da ta fito da shi daga rami. Talla na yabon ƙasa, alhali ɗakin gwaji ne ya tsare fuskar mai shafawa. Ƙari a kan haka, babu doka a Amurka ko a Turai da ta fayyace abin da ya cancanci a kira shi hodar ma'adini. Kowa na iya buga hakan a kwalinsa.

Dutsen talkum, wanda ake yin farar hodar jarirai da shi, ya isa misali. Na ƙasa ne tsantsa, amma a wasu ramukan yana maƙwabtaka da asbestos mai haddasa sankara. Bayan dubban ƙararraki a kotu, Johnson & Johnson ya daina sayar da hodarsa ta talkum a Amurka da Kanada a 2020, a duniya baki ɗaya a 2023, ya koma ta garin masara, ko da yake yana nan kan bakansa cewa hodar ba ta da illa. A 2024 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talkum a jerin abubuwan da ake da ƙarfin zaton suna haddasa cutar.

Mai neman kwalliyar ma'adini ta haƙiƙa, wadda ba ta ratsa kowace masana'anta ba, ba sai ya je Amurka ba. Tana cikin tandu a ɗakin kakanninmu. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ko na Shuwa ko na Barebari ya ga yadda ake yi. Tsohuwa za ta sayo dutsen kwalli a wurin 'yan koli, ɗan ƙanƙani amma ya fi girmansa nauyi a tafin hannu, yana walƙiya, idan aka fasa shi ya tsage gida-gida masu kusurwa huɗu. Ta ɗora shi a kan dutsen niƙa ta yi ta murzawa har ƙyallin ya ragu ya koma baƙin gari mai laushi, ta tace da ƙyalle, ta ɗura a tandu. Da safe bayan wanka ta ɗora jariri a cinya, ta buɗe masa ido da babban yatsa ta zizara, ta ja masa gira, wata ma ta ɗiga a goshi saboda bakin mutane. In uwar yaron ta nuna shakka, amsa a shirye take: "Ke 'yar nan, da shi aka rene ki, da shi aka reni uwarki. Wanke ido yake, yana ƙara gani."

Wannan nauyi da walƙiya da yadda yake tsagewa su ne shaidar dutsen. Masana ma'adinai na kiran sa galina, haɗin dalma ne da farar wuta, kuma a tsantsarsa dalma ta kai kashi 86 cikin ɗari na nauyinsa. Irinsa ake haƙowa a Abakaliki, da Zurak ta ƙasar Wase, da kuma Maroko. A 2011 likitoci a asibitin yara na Boston suka ga dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya. Aka binciki gidan ba a ga inda take fitowa ba, sai daga baya aka lura da kwallin da ake sa masa, wanda aka kawo daga gida Najeriya. Da aka auna shi, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin a 2012. A ɗora lissafin biyu gefe da gefe: launin da ke cikin hodar kamfani an yarje masa kashi 10 cikin miliyan, kwallin idon wancan jariri kuwa ya haura kashi dubu 800 cikin miliyan.

Masu kare kwalli suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Galina ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, fata ma ba ta cika shan sa ba. Har wasu masana a Faransa, cikinsu da Issa Tapsoba ɗan Burkina Faso, sun nuna a 2010 cewa gishirin dalmar da Misirawan zamanin Fir'auna ke haɗawa a kwallinsu na iya zaburar da ƙwayoyin fata su fitar da sinadarin da ke taimaka wa jiki yaƙar cuta. Mai yiwuwa kakanni sun ga wani abu na gaskiya da suka ce kwalli na rage ciwon ido a ƙasar ƙura da ƙuda. Amma garin ba a gefen ido yake tsayawa ba. Jariri zai murza ido ya kai hannu baki. Hawaye na gangarawa ta wata 'yar kafa daga kusurwar ido zuwa hanci da maƙogwaro, ya haɗiye. A ciki kuwa akwai asid mai narkar da garin da aka niƙa lukui. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na shan dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na yadda jikin babba ke sha, kuma babu wani gwargwado na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ita ma mai juna biyu, dalmar da ta taru a ƙashinta tsawon shekaru takan koma jini lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi.

Abin da ya sa maganar ke da wuyar shiga kunne shi ne illar ba ta zuwa da ihu. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Wannan kowa ya gani, kowa ya yarda. Dalmar kwalli galibi ba ta kaiwa can. Kaɗan-kaɗan take dushe kaifin ƙwaƙwalwa, ta kawo ƙarancin jini, ta hana yaro natsuwa. Ya shiga makarantar allo ko ta boko ya kasa riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa, ba mai tuna abin da aka zizara masa yana cikin zanen goyo. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wannan ne ɓangaren maganar da ya fi tsaya mini a rai, domin hannun da ke yin hakan hannun ƙauna ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya wa mai hannun abin da ke cikin dutsen.

Akwai batun addini, wanda ba a tsallake shi. Sa kwalli sunna ce, hadisai sun yabi ismid, kuma masu sharhi da dama sun ce ismid dutsen antimoni ne. Amma gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin kasuwannin Saudiyya da maƙwabtanta tun shekarun 1990 sun sha nuna cewa da yawa daga abin da ake sayarwa dalma ce, antimonin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ko tsarabar Makka ce, alfarmar wurin da aka sayo ta ba ta canza abin da ke cikin kwalbar. Mai son raya sunna yana da haƙƙin a ba shi abin da aka ce masa shi ne, wanda kuma ya sayar masa da dalma da sunan ismid yana sane, ya ha'ince shi. Shari'ar da ta kwaɗaitar da kwalli ita ce ta hana mutum cutar da kansa ko waninsa, balle jaririn da amanarsa ke wuyan iyaye. Ga babba akwai kwalli marar dalma, na baƙin hayaƙin fitila ko na baƙar tsatsar ƙarfe. Idon jariri kuwa lafiyarsa ƙalau ba tare da an sa masa komai ba.

Lalle ma ya shiga irin wannan hali, ta wata ƙofar. Na ainihi ganye ne, ja yake kamawa, kuma sai an yi haƙurin sa'o'i. Baƙin da ke kamawa cikin rabin sa'a, wanda amare da ƙawayensu ke rububi, an gauraya shi da rinin gashi mai suna PPD. A Turai an yarda da wannan rini a gashi kawai, da ƙayyadadden gwargwado, ba a yarda a zana shi a fata ba, domin yakan tayar da bororo ya bar tabo, ya kuma sa jiki ya ƙi jinin rinin har ƙarshen rayuwa. A Khartum, tsakanin 1984 da 1989, likitoci sun karɓi yara 31 da gubar wannan haɗi ta kama, 13 daga ciki suka rasu.

Irin wannan rini ne ma ya haifar da gwajin zomo tun farko. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, ɗaya ta mutu. Wannan na cikin abin da ya sa aka yi dokar 1938 da ta sa kayan kwalliya ƙarƙashin idon hukuma. A 1944 wani masanin hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, John Draize, ya tsara gwajin da ke ɗauke da sunansa. Za a maƙale zomo a akwati, kansa kaɗai a waje, a ɗiga masa sinadarin a ido ɗaya a bar ɗayan don kwatance, a yi kwanaki ana duba ja da kumburi da gyambo, daga ƙarshe a kashe shi. An zaɓi zomo ne saboda idonsa babba ne, ba shi kuma da yawan hawayen da zai wanke abin da aka ɗiga. Niyyar kare idon mutum ce, amma shekara da shekaru dabbobi marasa adadi suka biya kuɗin kowane sabon launin da kamfani ya so fitarwa.

A 1980 wani malamin makaranta a New York, Henry Spira, ya sayi shafi guda cur a jaridar New York Times ya tuhumi kamfanin Revlon da makantar da zomaye saboda kwalliya. Kafin shekarar ta ƙare Revlon ya ba Jami'ar Rockefeller dala 750,000 don a nemo wata hanyar gwaji. Daga nan abin ya yi ta tafiya. Birtaniya ta daina ba da izinin irin wannan gwaji a 1998. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan da aka gama haɗawa a 2004, ta hana gwada sinadaran haɗin a 2009, ranar 11 ga Maris 2013 kuma ta rufe kasuwarta ga kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba ko a ina ne. Indiya ta bi sahu a 2014. Ƙasar Sin, wadda ta daɗe tana tilasta gwajin ga kayan da ake shigowa da su, ta sassauta a 2021. Madadin kuwa ya samu: fatar ɗan Adam da ake rainonta a ɗakin gwaji, kamar wadda L'Oréal ke yi a Liyon, da kuma idon saniyar da aka riga aka yanka a mahauta, wanda ƙasashen duniya suka amince da shi a matsayin gwaji tun 2009.

Bai kamata Musulmi ya ɗauki wannan a matsayin rigimar Turawa ba. Tun muna yara aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, aka hana mu yi wa dabba lalas a fuska, aka ce a wasa wuƙa kafin yanka don kada a wahalar da abin yankan. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya, ban ga yadda ransa zai natsu da makantar da zomo saboda jan baki ba, tun da ga wata hanyar.

Sai dai hoton zomon yana da iyaka. Akwai alamar Leaping Bunny, wadda aka kafa a 1996, ita ana bin diddigin kamfani da masu kawo masa kaya kafin a ba shi. Akwai kuma zomon da kamfani ya zana wa kansa, wanda ba mai tambayarsa hujja. Ko a Turai ma ƙofa ba ta rufu ruf ba: a 2023 wata kotun Tarayyar ta tabbatar da umarnin da aka ba kamfanin Symrise na Jamus cewa ya gwada wasu sinadaran kare rana guda biyu a kan dabbobi, saboda dokar kare lafiyar ma'aikatan masana'anta. A kasuwanninmu kuwa damuwar ta wuce nan. Mai buga kwalin jabu ba ya rasa tawadar zana zomo. Man bilicin da aka dama a bayan shago, aka zuba masa makuri ko maganin kumburi mai ƙarfi irin wanda sai likita ke rubutawa, gaskiya ne ba a gwada shi a kan dabba ba, domin ba a gwada shi a kan komai ba. A fuskar wadda ta saya ake gwajin, ita za ta gano sakamakon idan fata ta yi siriri, gwiwoyin yatsu suka yi baƙi, ko ƙoda ta fara ciwo. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata kan makuri sun amince a 2023 cewa bayan 2025 kada a ƙara sa makuri ko kaɗan a kayan kwalliya, amma takardar yarjejeniya ba ta sauke kaya daga kanta sai an sami mai zuwa ya auna.

Kuma rashin gwaji a kan dabba daban, rashin sassan dabba a cikin kaya daban. Jan da ke cikin jan baki da yawa daga wani ƙwaro ake matso shi, koshinil, wanda ake kiwo a Peru. Kimanin ƙwari dubu 70 ke ba da abin da bai kai rabin kilo ba, kuma a jikin kwali da lambar CI 75470 ake rubuta shi. Malamai sun yi saɓani a kan halaccinsa, wadda abin ya dama sai ta nemi lambar. Mu ma namu kayan ba su kuɓuta daga tambaya ba. A humrar da matan Cadi da Barno suka yi fice a kanta akwai farce, wato marfin wani dodon koɗi na teku. A man karkar akwai kitse da kakin zuma a kan man riɗi. Kitsen dabbar da aka yanka don ci, ni ban ga aibinsa ba, hana almubazzaranci ne ma. Inda zuciya ya kamata ta tsaya shi ne jibda, wadda a Habasha ake tsare dabbarta a ɗan matsattsen keji tsawon rayuwarta ana kankare turaren daga jikinta, alhali akwai ta haɗi mai ƙamshi iri ɗaya. Haka masu tallar karkar da sunan man jimina, a ƙasar da jiminar daji ta ragu har sai da aka ɗebo 'ya'yanta daga gandun Zakuma don a farfaɗo da ita a wani gandun. Ga kuma jakunan da aka yi ta yankawa a Sahel saboda fatarsu, wadda ake dafawa a Sin a yi maganin ƙarin jini da gyaran fata, har sai da Tarayyar Afirka ta hana cinikin a Fabrairun 2024, bayan an bar mata da yara a ƙauyuka suna ɗaukar ruwa da itace a ka.

Akwai kuma wanda hoton zomo bai san da shi ba sam. Kaso mai yawa na maikar da ke sa hoda ƙyalli daga jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya yake fitowa, daga tsofaffin ramukan da hukuma ta rufe talakawa suka ci gaba da shiga. A 2016 ƙungiyar Terre des Hommes ta ƙiyasta yara kusan dubu 20 ke wannan aiki, a shekarar kuma binciken gidauniyar Thomson Reuters ya gano yara bakwai da suka mutu a ramukan cikin wata biyu kacal. A kudancin Madagaska ma an ƙiyasta yara kimanin dubu 10 a 2019. Kamfanin Lush ya koma maikar masana'anta a 2018, wasu kamfanonin suka haɗa ƙungiyar bin diddigin inda kayansu ke fitowa. Hoda na iya zama ta ma'adini da gaske, ba a kuma taɓa ko zomo ɗaya ba, amma yarinya 'yar shekara takwas ce ta tsinto ƙyallinta da yatsu masu tsaguwa. Tausayin da ya kai ga dabba ya tsallake yaro bai cika ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Cadi na da abin da duniyar nan ke nema. Shebe shi ne babban misali. 'Ya'yan wani itace ne da ya yi yawa a duwatsun Gera, ana soya su a daka, a haɗa da mahalab da kanumfari da ƙaro mai ƙamshi. Mai gyaran kai za ta raba gashi kashi-kashi, ta jiƙa, ta shafa mai, ta barbaɗa garin tana murzawa daga tsakiya zuwa baki, ta kitse, a shafe rabin yini ana hira. Sirrinsa shi ne yana hana gashi bushewa da karyewa, sai tsawo ya taru. Tun wajen 2017 da bidiyonsa ya bazu a YouTube, mata baƙar fata a Amurka da Turai ke nemansa, har 'yar ƙasar, Salwa Petersen, ta kafa kamfani a kansa. Ga ƙaro, wanda Cadi ke bin Sudan wajen fitar da shi, ana kuma sa shi a kayan kwalliyar ido don ya riƙe launi. Ga riɗi, ga man kaɗanyar Mandul. Duk tsirrai ne da aka daɗe ana shafawa. Abin da suka rasa takardar awo ce, shi ya sa ake kwasar su a buhu da arha, a auna su a waje, a buga musu alama, kuɗinsu ya ninka a hannun wasu.

Awon nan kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Akwai hukumar ƙa'idojin kaya ta ATNOR, akwai cibiyar CECOQDA mai auna ingancin abinci, akwai tsohon ɗakin binciken dabbobi na Farsha, ga mahautar Farsha da ba a rasa idon shanu a cikinta kullum. Na'urar hannu da ake haska ƙasa ko gari da ita ta faɗi yawan dalmar da ke ciki cikin minti ɗaya, ita aka yi aiki da ita a ƙauyukan Zamfara. A Bangaladesh, inda ake rina kurkum da wani launi mai dalma don ya yi kyan gani, hukuma ta shiga kasuwa da irin wannan na'ura a 2019, ta auna a gaban jama'a, ta ci tarar masu laifi, aka yi ta shela. Kurkum mai dalma a kasuwannin da aka bincika ya sauko daga kashi 47 cikin ɗari zuwa sifili a 2021. Kurkum ɗin nan muna zuba shi a dilka, don haka shi ma yana cikin abin da za a haska.

Inda za a fara a bayyane yake: tabarmar 'yan koli a Babbar Kasuwa da ta Dembe, a auna dutse da garin kwalli a gaban masu sayarwa da masu saye, kowa ya ga lambar da idonsa. Sai a kai maganar ga ungozomomi da wuraren awon ciki, a kai ta ga limamai, domin tsohuwar da ba za ta saurari jikarta ba za ta saurari malam idan ya ce mata dutsen da ke tandunta ba ismid ba ne. A kuma tanadar wa ɗan koli madadin da aka auna, a farashin da tsohuwar za ta iya biya, tun kafin a hana shi sayar da dutsen, in ba haka ba ƙarƙashin tabarma zai mayar da shi ya ci gaba da miƙa wa wadda ta tambaya.